Hutun Damina: A Ba Kowace Yarinya Akuyarta

'Yan'uwana mata, ga babban hutu ya ƙarato, ga shuka ta yi kai. A Kwalkwalawa da sauran ƙauyukan bakin gulbin Rima, lokacin ɗaure awaki ke nan, don kada su shiga gonar mutane a yi ta ƙara wurin mai gari. Akuyar da ta saba yawo da rani tana neman abincinta, yanzu sai abin da aka kai mata bakin turke. Uwargida ga girki, ga raino, ga kai abinci gona, sai a wayi gari akuya ta rame, ko kuwa ta mutu. Alhali ga yara nan a gida wata ɗaya da 'yan kai, ba abin da ake sa su sai talla. Shawarata ita ce, a nuna wa kowace yarinya akuya guda, a ce mata, “Wannan amanarki ce har a koma makaranta.”

Kada ku raina wannan aiki. A ƙasar Amurka akwai sansanonin hutu inda iyaye ke biyan kuɗi don 'ya'yansu su je su zauna 'yan makonni. Wani na Yahudawa, mai suna Eden Village, da aka buɗe a jihar New York a 2010, gona ce sosai, yara suna noman lambu suna kula da awaki da kaji. Malamansu na dā sun koyar da cewa mutum ya ciyar da dabbarsa kafin shi ya ci. Mu ma ba baƙin wannan magana ba ne, gama ya zo a hadisi cewa babu annabin da bai yi kiwo ba. To, abin da waɗansu ke saye da kuɗi, mu ga shi a tsakar gida kyauta.

Kuma akuyar tamu ba ƙanwar lasa ba ce. Jar akuyar Sakkwato, wadda a ƙasar Nijar ake kira jar akuyar Maraɗi, ta yi suna a duniya saboda kyan fatarta. Tun zamanin ayari ake jeme ta da bagaruwa, a ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, suna yi wa littattafai masu tsada bango da ita. Tun farkon shekarun 1960 aka kafa wurin kiwonta na musamman a Maraɗi don kada irin ya gurɓace. Cikinta wata biyar ne, kuma sau da yawa tagwaye take haifa.

Ga abin da za a koya wa yarinya. Da safe, kafin ta karya kumallo, ta share makwancin awaki, ta tara kashin wuri ɗaya, taki ne mai kyau ga albasa da tumatir na fadama. Akuya ba ta son jiƙa, saboda haka a yi mata rumfa, a ɗan tayar da ƙasan wurin. Ta wanke kwanon ruwa ta zuba sabo. Ciyawar da ta yanko ta bari raɓa ta bushe tukuna, ta rataye ta sama, gama akuya ba ta cin abin da ta tattaka. Da maraice a ba ta dusa da ɗan gishiri ko kanwa kaɗan. In kaka ta yi, a ɗaure harawar wake da ta gyaɗa a ajiye bisa rumfa don guzurin rani, da rani kuma a tsinto 'ya'yan gawo.

Abu uku za ta kiyaye. Na fari leda, wadda ke cushe tumbin akuya har ta bushe tana tsaye. Na biyu gyauron dawa, yana da dafi, yakan kashe dabba nan take. Na uku ciyawar bakin kududdufi, inda ƙananan katantanwa ke yaɗa tsutsar hanta. Mutanen fadama su lura da wannan ƙwarai.

Sai kuma ta koyi duban dabba. Lafiyayyar akuya idonta garau, gashinta na sheƙi, tana tuƙa in ta kwanta. In ta ga majina, da kwantsa, da gyambo a baki, da zawo, ta ware ta daga sauran, ta faɗa wa babba a kira malamin dabbobi. Wannan annoba takan share garke cikin 'yan kwanaki, amma tana da allurar rigakafi, ana yinta a Vom kusa da Jos. Akuyar da aka sayo daga Kara ko kasuwar Acida kuwa, a ɗaure ta dabam kamar mako biyu kafin a gama ta da na gida. A riƙa cire kaska, a yi maganin ƙazuwa da wuri, don tabonsu shi ke karya darajar fata wurin majema.

In akuya ta haihu, a bar ɗan ya sha dakashi tun a sa'o'in farko, shi ne garkuwarsa. Nonon da aka tatsa kuwa sai an tafasa kafin a sha. Yarinya ta wanke hannu da sabulu duk sa'ad da ta gama aiki.

Ku kuma 'yan makaranta, ku nemi ɗan littafi ku rubuta ranar barbara, ku ƙirga kwana 150, ku ga ko lissafinku zai fita. Ku rubuta kuɗin dusa da na magani. Ilmin lissafi da na kiwon lafiya ke nan kuka yi ba allo ba alli.

Iyaye mata, magana ɗaya ta rage, ita ce cika alkawari. In akuya ta haifi biyu, ɗaya na yarinya ne, kada a sayar a ɓoye mata. Da shi za ta sayi littafi da takalmi, wata rana ma ta biya kuɗin jarrabawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya sa albarka a turakunmu, amin.