FILIN MANOMA: Gansakukar Kurmi Ba Kauci Ba Ce

Jama'a, wannan mako za mu gangara kurmi. Cikin 'yan'uwanmu mazauna Shagamu da Kumasi akwai masu fataucin goro, akwai kuma masu aiki a gonakin goro da koko. Duk wanda ya shiga irin waɗannan gonaki da damina zai tarar jikin itatuwa ya yi kore shar, sai ka ce an lulluɓe su da karammiski. Baƙo daga Arewa in ya gani sai ya ce ai ciwo ya kama gonar. Wani ya fasa ciniki, wani ya ɗauki adda ya yi ta kankarar ɓawo. To, kama da wane ba wane ba ne.

Abin nan gansakukar kurmi ce. Ko da ya ke suna ɗaya suke da wadda ke kan ruwan kududdufi, wannan tsiro ce sosai, da ɗan karanta da 'yan ganyayenta. Ba ta da saiwa ta gaske, sai 'yan zarurruka da ta ke maƙalewa da su a ɓawo. Ta ganye ta ke shan ruwan sama da raɓa. Watau ita 'yar haya ce kurum, ba ta tsotson itacen. Masana sun ƙidaya wajen iri 12,000 a duniya, amma biyu za ka fi cin karo da su a can.

Ta farko mai saukin ganewa ce, don fari-fari ta ke, kamar koren da ya koɗe. Takan yi dunƙule-dunƙule a jikin kwakwar manja da ruɓaɓɓen kututture. Ganyenta da kauri, kamar ɗan harshe, bai kai rabin inci ba, kuma ko ya bushe ba ya nannaɗewa sosai. Takan fid da ɗan tsinke mai ƙoƙo a kai, cike da iri kamar ƙura. In ka sami gilashin ƙara girma ka duba bakin ƙoƙon da ya buɗe, za ka ƙirga haƙora takwas. Daga nan ta sami sunanta na masana, Octoblepharum albidum, wanda ya fito cikin littafin Hedwig na ƙasar Jamus a 1801.

Ta biyu ita ce dangin Calymperes, masu kore sosai. Gwajinsu ba wuya. Ciro kaɗan ka shanya, za ka ga ganyen ya murɗe. Ɗiga masa ruwa, nan da nan sai ya miƙe kamar ba abin da ya same shi.

Kauci kuwa, wanda muka sani a kan itatuwanmu na gida, shi ne ɓarawon. Yana da reshe da manyan ganye, da jan fure kamar tsinken ashana. Tsuntsaye ke kai irinsa mai danƙo bisa rassa, ya huda ɓawo ya shiga, ya riƙa shanye ruwan itacen har reshe ya mutu. In ka ja gansakuka da yatsa sai ta ɓanɓaro, ɓawo lafiya lau a ƙarƙashinta. Kauci ba ya ciruwa, sai a sare reshen daga ƙasan inda ya kama.

Amma kada a ce gansakuka ba ruwan manomi da ita. Koko a jikin gangarsa ya ke fure, saboda haka in ta yi kauri takan rufe idanun furen. Yawanta kuma shaida ce inuwa da laima sun yi wa gonar yawa, ga shi kuwa nan ne ciwon baƙin kwanso ya ke so. Magani shi ne a rage rassa iska ta ratsa, sa'an nan a goge gangar a hankali da tsumman buhu. Kada a sa wuƙa, don wanda ya kankare idon fure ya kankare kuɗinsa na baɗi.

Malam manomi, kai kuma Alhaji mai ciniki, ku ɗaga kai ku dubi rassa tukuna kafin ku yanke wa gona hukunci. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.