Kawar da Zarni da Tabon Fitsarin Kyanwa a Gida

Fitsarin kyanwa yana ɗauke da sinadarin yurik asid, wanda ba ya narkewa sosai a ruwa. Shi ya sa zarni kan dawo da zarar wurin ya yi laima, musamman da damina. Don kawar da shi, da farko a danna busasshen tsumma a kan kafet ko kujera ya tsotse fitsarin, kada a goga. Sannan a zuba ruwan khal da aka surka da ruwan sanyi daidai wa daida. Idan ya tsane, a barbaɗa bekin soda ya kwana, a share, a shanya. Kada a yi amfani da bilic, domin haɗuwarsa da amoniyar da ke cikin fitsari tana fitar da iska mai guba.