Talla Ɗaya, Shaguna Bakwai

Shagona yana Dawakin Kudu, irin shuka da maganin feshi nake sayarwa. Kayan na wani kamfani ne. Sunansa ne a allon ƙofata, fentinsa ne a bangona, amma jari nawa ne, in an faɗi ma ni na faɗi. Irina mu bakwai ne daga nan zuwa Kura da Bunkure, duk muna cin albarkacin madatsar Tiga, wadda tun shekarun 1970 ruwanta ke bin magudanai yana shayar da filayen Kadawa. Damina na ɗaukewa, manomi ya shiga shirin tumatir da albasa da alkama, to cinikinmu na shekara ya zo ke nan.

Kamfani yana tallarsa ta ƙasa baki ɗaya, sai dai ba ta faɗa wa mutumin Bunkure shagon da zai nufa. Shi ya sa muka yi karo-karo muka sayi fili a rediyo, don manominmu da ita yake shiga gona, a rataye a kafaɗa.

Da farko kuɗin daidai muka raba, kuma ni na fi jin jiki. Abokinmu na Kura yana bakin titin Zariya, gonaki sun kewaye shi. Abin da zan sayar a mako, kafin la'asar ya sallame shi. Na ce masa, "Alhaji, a duba mana, kai ka kwashi riba, mu muna taya ka biya." Ya ce, "Malam, sau ɗaya ake faɗin sunana, sau ɗaya ake faɗin naka. Me zai sa nawa ya fi tsada?" Na daɗe ina juya maganar nan, don ba ƙarya ya yi ba. Amma ni a ganina ba ambaton suna muke saya ba, masu shigowa shago muke saya, su kuwa wajensa suka fi yawa.

Ashe tuntuni wasu sun wuce wannan gardama. A Amurka, wanda ya buɗe gidan abinci da sunan McDonald's ana wajabta masa kashe aƙalla kashi 4 cikin 100 na cinikinsa a kan talla. Tun 1967 masu waɗannan gidajen abinci suke da asusun talla na haɗin gwiwa na ƙasa, sannan na kowane yanki suna haɗa nasu, su zauna su jefa ƙuri'a kan yadda za a kashe. Mai babban ciniki ya fi zubawa, ƙarami bai karye ba.

Haka muka koma. Kowane kwali ka ɗauko daga ma'ajiyar kamfani akwai ɗan abin da za ka sa a asusu, kuma takardar ɗaukar kaya ce shaida, ba mai ɓoye cinikinsa. Ma'ajinmu yana karanta rasit ɗin gidan rediyo a gaban kowa. Jerin sunaye ma juya shi ake yi duk mako, domin na ƙarshe shi ke tsayawa a kunne.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya yanzu shi ne wani sabon dillali da ya ƙi shiga. Ba a faɗin sunansa, amma manomi ya ji sunan maganin, ya ga allon, ya shige. Mun rubuta wa kamfani ya sa kuɗin talla cikin sharuɗɗan ba da dillanci, muna so a gama kafin a fara yafa irin tumatir.