Shaihun Malami Osuntokun: Likitan Da Ya Bi Sawun Ciwon Tangaɗi Har Cikin Tukunyar Rogo

Kowace safiya a Tirwun, can gefen birnin Bauchi, akan ga yarinya ta ɗauko bokiti cike da ruwa a ka, tana tafe tana hira da ƙawarta, ba ta duban ƙasa, ruwan kuwa ko ɗigo ba ya zuba. Akan ga dattijo ya fito da asuba cikin duhu ya nufi masallaci ba tuntuɓe. Ba mai mamakin wannan domin an saba gani. Amma fa a bayan kowane taku akwai babban aiki da ƙwaƙwalwa ke yi ba da sanin mai ita ba. Ɗaya daga cikin masanan da suka ƙarar da rayuwarsu wajen binciken abin da ke ɓata wannan aiki ɗan Nijeriya ne, watau marigayi Shaihun Malami Benjamin Oluwakayode Osuntokun.

Umurnin motsi yana fitowa ne daga saman ƙwaƙwalwa, ya gangara ta cikin laka, ya bi jijiyoyi ya isa ga tsokoki. Hanyoyin nan suna gitta juna a gindin ƙwaƙwalwa, shi ya sa wanda ya sami lahani a hagunta, ɓarinsa na dama ne ke shanyewa. To, amma umurni shi kaɗai bai isa ba. Kamar yadda hakimi ba ya iya riƙe ƙasa sai dagatai suna kawo masa labari, haka ƙwaƙwalwa ke bukatar ƙafa ta riƙa aiko mata rahoton inda ta taka da yadda gaɓoɓi suka lanƙwasa. In wannan rahoto ya yanke, mutum na da ƙarfinsa, amma tafiya ta gagara.

An haifi Osuntokun a 1935 a garin Okemesi na ƙasar Ekiti. Ya gama karatun likita a Badun a 1961, daga baya ya tafi birnin Newcastle na Ingila ya ƙware a kan cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Da ya komo Asibitin Koyarwa na Badun sai ya tarar da wasu marasa lafiya masu ban tausayi, yawancinsu talakawa daga wajajen Ijebu da Epe. Suna tafiya suna tangaɗi kamar waɗanda suka sha giya, suna buga ƙafa da ƙarfi, idonsu na ƙasa. In suka rufe ido, ko dare ya yi, sai su faɗi. Ƙafafunsu sun yi dindiris, da yawa kuma ganinsu da jinsu sun ragu.

Bai tsaya ga gadon asibiti kaɗai ba. Shi da abokan aikinsa, ciki har da Dakta Gottlieb Monekosso ɗan Kamaru, suka shiga ƙauyuka. A wani rahoto da suka buga a 1969 sun gwada ƙauyuka biyu: Ososa, inda rogo ne cimar safe da dare, da Akinmorin, inda aka fi cin doya. Ciwon ya yi katutu a Ososa. Da aka auna jinin mutanenta kuma sai aka sami alamar gubar sayanaid mai yawa. A kan wannan bincike ne ya sami digirin digirgir a shekarar, ya kuma zama Shaihun Malami a 1970.

Bayanin da ya kawo shi ne, rogo, musamman mai ɗaci, yana ɗauke da wani sinadari da ke sakin wannan guba in ba a sarrafa shi sosai ba. Jiki yana da dabarar kashe kaifinta, amma sai da taimakon abinci mai gina jiki, kamar nama da kifi da ƙwai. Wanda talauci ya tsare shi ga rogo tsura shekara da shekaru, guba na shigarsa kaɗan-kaɗan, ba shi kuma da abin kare kansa, har jijiyoyin da ke kai rahoto ga ƙwaƙwalwa su lalace. Wasu masana da suka biyo baya sun ce ƙarancin bitamin B1 ma yana da hannu. Duk da haka da yawansu sun haɗu a kan cewa dogaro ga rogo kaɗai yana da babban hannu a cikin abin. A 1981, lokacin da fari ya afka wa arewacin Mozambik, jama'a suka ci rogo mai ɗaci cikin gaggawa, sai wani ciwon na dabam mai suna konzo ya sandarar da ƙafafun mutane fiye da 1,000.

Har ila yau Osuntokun ya juya ga ciwon Parkinson, wanda ke sa karkarwar hannu da nauyin jiki. Shi da masanan Amurka sun bi gida-gida a garin Igbo-Ora, suka kwatanta abin da suka samu da na baƙaƙen fata a Jihar Misisifi. Sakamakon da aka buga a 1988 ya nuna ciwon ya fi yawa a can Amurka kusan ninki biyar, abin da ya sa masana suka ƙara mai da hankali ga muhalli da irin zaman da mutum ke yi. Ya shugabanci Asibitin Koyarwa na Badun daga 1985 zuwa 1990, ya rasu a birnin Kambirij na Ingila a 1995.

Darasin aikinsa bai tsaya a Kudu ba. Garin kwaki ya shiga kowane lungu na Arewa, tun daga shagunan Tirwun har ɗakunan ɗalibai, kuma duk lokacin da hatsi ya yi tsada jama'a sukan koma gare shi. Rogo ba abin gudu ba ne in an ba shi haƙƙinsa: a feraye shi, a goge ko a jiƙa shi kwana uku zuwa biyar, a matse ruwan, a soya ko a shanya ya bushe sarai. A kuma haɗa shi da ƙuliƙuli ko wake ko ɗan kifi gwargwadon hali. Wanda kuwa ya ji ƙafarsa na dindiris, ko tafiyar dare ta fara gagararsa, kada ya ce sammu ne ko iska ya zauna gida. Ya hanzarta zuwa asibiti, domin jijiya in ta mutu da wuya ta farfaɗo, rigakafi kuwa ya fi magani.