Yadda ƙwayar jiki ɗaya take zama biyu, da abin da ya haɗa haka da sankara

Idan wuƙa ta yanke ka, bayan ƴan kwanaki sai fata ta haɗe. Ƙwayoyin halittar da ke bakin raunin ne suka yi ta rabuwa, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu. A lakkol ana kiran wannan rabuwa mitoz. Bajamushen masani Walther Flemming ne ya raɗa mata sunan a 1882, daga kalmar Girkanci mai nufin zare.

A cikin cibiyar ƙwayar jikin mutum akwai zarurruka 46, wato kromozom, masu ɗauke da ADN, umarnin da ƙwayar ke aiki da shi. Kafin a fara rabuwa, ƙwayar tana kwafe kowane zare, ya zama tagwaye manne da juna. Daga nan sai matakai huɗu:

Profaz: zarurrukan su nannaɗe, su yi kauri, fatar cibiyar ta watse.

Metafaz: tagwayen su jeru sahu ɗaya a tsakiyar ƙwayar, wasu siraran igiyoyi na riƙe da su daga ɓangarori biyu.

Anafaz: igiyoyin su raba tagwayen, su ja rabi nan, rabi can.

Telofaz: kowane rabi ya samu sabuwar fatar cibiya, ƙwayar ta tsuke a tsakiya ta rabu. Kowace cikin biyun tana da 46 cif.

Duka wannan kusan awa ɗaya yake ɗauka, kuma jiki yana da birkin da ke tsayar da shi idan buƙata ta biya. Idan birkin ya lalace, ƙwayoyi su yi ta rabuwa ba ƙaƙƙautawa. Wannan ita ce sankara.

Shi ya sa magungunan shimiyo da yawa suke kai hari kan ƙwayoyi masu saurin rabuwa. Vincristine, wanda aka samo daga wata fulawar Madagaska, yana hana igiyoyin nan haɗuwa, sai ƙwayar ta maƙale a metafaz. Amma saiwar gashi, cikin baki, hanji da ɓargo su ma da sauri suke rabuwa, don haka maganin yana taɓa su.

Idan ɗan'uwanka yana shimiyo gashinsa ya zube, ba alamar cutar ta ci ƙarfinsa ba ce, kuma galibi gashin yana tsirowa bayan an gama. Kada a dakatar da magani ba tare da shawarar likita ba. Amma idan zazzaɓi ya taso, a kai shi asibiti ranar, domin garkuwar jikinsa ta yi rauni.