Daga Zuhal Zuwa Watanninsa: Yadda Akalar Bincike Ta Juya

Malaman hisabi sun daɗe da sanin Zuhal, mai tafiyar hawainiya, wanda sai ya shafe kusan shekara 30 kafin ya kewaye rana sau ɗaya. Lokacin da aka fara aika masa kumbo marasa matuƙa, Pioneer 11 a 1979, sai Voyager 1 da 2 a 1980 da 1981, zobban da suka yi masa ƙawanya ne suka fi jan ido. A guje suka wuce, suka ɗauki hotuna, suka nausa gaba. Yau kuwa, duk wanda ya duba inda ake zuba kuɗin bincike zai ga hankali ya bar Zuhal kansa, ya koma kan watanninsa.

Kumbon Cassini ne ya juya akalar. Aikin haɗin gwiwa ne tsakanin NASA ta Amurka da hukumomin sararin samaniya na Turai da Italiya. Ya tashi a Oktoban 1997, bai isa ba sai Yulin 2004. Yana goye da ƙaramar na'ura mai suna Huygens, wadda ta sauka da lema a kan wata Titan ranar 14 ga Janairu, 2005. A da hazo kawai ake gani a Titan. Sai ga kwaruruka da alamun magudanai, daga baya kuma Cassini ya gano tafkuna, amma na iskar gas da tsananin sanyi ya mai da ita ruwa.

Abin da ya fi girgiza masana ya fito ne daga inda ba a zata ba: Enceladus, ɗan wata mai faɗin kilomita 500 kacal. A 2005 aka ga yana feso tururi da ƙwayoyin ƙanƙara ta wasu tsagogi da ke kudancinsa. Cassini ya ratsa cikin feshin ya ɗanɗana, ya sami gishiri da sinadaran da jikin halitta ke ginuwa da su. A 2023, bayan kumbon ya daɗe da ƙarewa, aka tono shaidar sinadarin fosfet a bayanan da ya bari. Ashe teku ne kwance ƙarƙashin ƙanƙara. Ta yaya ruwa bai daskare ba a wuri mai nisa haka da rana? Ƙarfin jan Zuhal ne ke matsa watan yana saki, kamar yadda waya ke ɗaukar zafi in ana lanƙwasa ta ana miƙewa. Wannan ya ƙara rushe tsohon zaton cewa sai kusa da rana ake samun ruwa a narke.

Cassini ne ya fara biyan kuɗin abin da ya gano. Da mansa ya kusa ƙarewa, aka ji tsoron kada ya faɗa kan Enceladus ko Titan ya kai musu ƙwayoyin cuta daga duniyarmu. Ranar 15 ga Satumba, 2017 aka cusa shi cikin iskar Zuhal ya ƙone. A ganina an yi daidai, domin ba a gurɓata rijiyar da ake shirin komawa a ɗebi ruwanta.

Daga nan kuɗi ya nufi inda ruwa yake. JUICE ta Turai ta tashi a 2023, Europa Clipper na Amurka a 2024, duka zuwa watannin Mushtari masu ƙanƙara. NASA na haɗa Dragonfly, jirgi mai farfela da zai riƙa tashi yana sauka a Titan, da niyyar harba shi a 2028 ya isa a 2034.

Sai dai akwai tsada. Hasken rana a Zuhal bai wuce kusan ɗaya bisa ɗari na namu ba, don haka da sinadarin fulutoniyam Cassini ya yi aiki, shi kuwa ba a samunsa da yawa. Tafiya ɗaya na cin rabin rayuwar aikin masani. Duniyoyin Uranus da Neptune har yau Voyager 2 kaɗai ya taɓa leƙa su.

Dole kuma a faɗa a fili: ba a ga wani abu mai rai ba, kayan haɗi kawai aka gani. Abin da ke damuna shi ne, Enceladus yana watso ruwan tekunsa sarari ba sai an haƙa ba, amma tun 2017 babu kumbo ko ɗaya a wajen da zai tara.