Maginin Randa a Birnin Zazzau

A sababbin gidajen masu hali a Kaduna da Abuja yanzu ana yayin kafa maɓuɓɓugar ruwa ta ado: tulun jan yumɓu irin na Italiya, injin yana tura ruwa sama yana zubowa cikin kwatarniya. Abin yana da kyau. Amma duk wanda ya shiga tsohon gida ta Ƙofar Doka ko Ƙofar Gayan ya san cewa yumɓu da ruwa sun daɗe suna ƙawata tsakar gidan Bazazzagi, kuma hannun maginin tukwane ne ya haɗa su.

Aikinsa daga kududdufi yake farawa. Zai haƙo yumɓu, ya jiƙa shi ya kwana, ya tsince tsakuwa, ya cuɗa shi da dakakken tsingaro don kada ya fashe a wuta. Sai ya kife tsohuwar tukunya, ya shimfiɗa yumɓun a bayanta yana bubbugawa har gindi ya fito. Idan ya sha iska sai ya ɗaga, ya riƙa ɗora yumɓu zagaye-zagaye har zuwa wuya. A inuwa ake shanyawa, domin rana mai zafi tsaga shi take yi. Ranar ƙonawa a jera tukwanen a fili, a lulluɓe da kara da ciyawa da itace. Ƙwanƙwasawa ɗaya ta ishe shi ya san wadda ta nuna.

Wannan wutar ba ta toshe ƙofofin yumɓu gaba ɗaya, shi ya sa randa ke tsattsafo. Iska na busar da gumin, zafi na fita tare da shi, ruwan ciki ya yi sanyi. A watan Afrilu, lokacin da garin ke tafasa, randar da aka girke kan jiƙaƙƙen yashi a gindin bishiya, da faifai da moɗa a kanta, ta fi ƙarfin kwatance. Maginin ne kuma ke yin indararon yumɓu da ke watso ruwan damina nesa da bangon soro, wanda rufin kwano ya kora.

Roba da firji sun ci kasuwar, kuma abin yana damuna, domin gwanintar ba ƙarama ba ce. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20, da hannu ta fara gina randuna kafin ta shiga cibiyar da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, kuma har yau ana koyar da aikin yumɓu a Samaru.

Maginin birni zai iya yin maɓuɓɓugar nan. Abin da yake bukata shi ne wanda zai nuna masa yadda ake shafe cikin tulun don ya daina yoyo, da inda zai huda wa bututu hanya tun yumɓun yana ɗanye, sai kuma mai gida da zai yi masa odar ya biya kuɗin da ya dace.